Tambayi Bakanike: Land Cruiser mai misin a kan tudun yashi

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam Bakanike. Ina da Land Cruiser a-kori-kura, FJ45 ƙirar 1982, mai injin fetur 2F. Da ita nake jigilar kaya da fasinja tsakanin Yusufari da ƙauyukan cikin yashi ranakun kasuwa. Idan tana silo, wato injin na aiki tana tsaye, lafiya lau take, ko kofin shayi ka ɗora a kan bonet ba zai zube ba. A kwalta ma in ina tafiya a hankali ba ta da matsala. Amma da zarar na sa ogzilari na taka totur zan hau tudu, injin ya ɗau ƙara, sai ta fara misin tana fizga, wani lokaci har ta yi atishawa ta kafireta. Na canza fulogi sau biyu. Bakanikenmu ya ce taimin ne, ya sassauta distiributa ya juya ta da kunne har sau uku. Yanzu bayan misin ɗin, in ta ɗau kaya tana wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, allurar zafi tana hawa, kuma in na kashe ta da zafi kik yana nauyi kafin ta tashi. Me zan yi?

Daga wani mai karatu, Yusufari, Jihar Yobe

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a nema. Kafin motar nan ta sake ɗaukar ko buhu ɗaya, a mayar da taimin, wato lokacin da wuta ke zuwa wa fulogi, inda ya kamata ya zauna. Cuta biyu ke jikinta yanzu: wadda ta je gareji da ita, da wadda aka ƙara mata a garejin. Ta biyun ce mai gaggawa. Ƙarar tsakuwa, hawan zafi da nauyin kik, duk ukun alama ce ta wutar da ke zuwa da wuri fiye da kima. Mai yana kamawa tun fistin bai gama hawowa ba, sai ya zama ana dukansa a ka yana tahowa. Injin 2F yana da haƙuri ƙwarai, amma in aka ci gaba a haka gasket zai ƙone, ko ringi ya karye, ko fistin ya ɓule.

Ban cika ganin laifin bakanikenku ba, domin haka aka koya wa da yawa daga cikinmu. Matsalar ita ce injin da babu kaya a kansa yana murna da ƙarin wuta. Kana juya distiributa silo yana ƙara daɗi, ƙarar tana washewa, sai ka ɗauka ka same ta. Sai an ɗora masa nauyi a kan yashi yake nuna cewa an wuce gona da iri. Kunne yana da amfaninsa a aikinmu, amma ba ya auna digiri.

Ma'aunin 2F shi ne digiri 7 kafin fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, injin yana silo a wajen juyi 650 a minti. Alamar ba a fulin gaba take ba, a jikin fulawil take. Akwai 'yar taga a saman inda kik yake, da ɗan tsinke a cikinta. In ka juya injin a hankali za ka ga abu biyu sun gifta: wani layi, wanda shi ne ƙololuwa, da wani ɗan ƙwallon ƙarfe da aka dasa, wanda shi ne digiri 7. Goge su da tsumma da fetur, ka ɗiga wa ƙwallon farin fenti. Cire ƙaramin tiyon iskar da ke zuwa distiributa ka toshe shi, ka maƙala fitilar taimin a wayar fulogi na ɗaya, a juya distiributa har ƙwallon ya tsaya daidai tsinken. Idan babu fitilar taimin a garinku, ƙwan fitilar mota mai waya biyu ya isa a yi kusa da daidai. Kawo ƙwallon kan tsinke da hannu, rota, wato ɗan hannun da ke juyawa a cikin distiributa, tana kallon wayar lamba ɗaya. Haɗa ƙwan tsakanin ƙafar kwayil mai zuwa distiributa da jikin injin, buɗe makulli ba tare da ka tayar ba. Rota a wannan injin tana bin hannun agogo, don haka ka fara mayar da jikin distiributa ta wannan ɓangaren har ƙwan ya mutu, sannan ka dawo da ita a hankali saɓanin agogo. Inda ƙwan ya kama, nan za ka ɗaure.

Amma kada a yi duk wannan sai an daidaita bakin kwantak tukuna, wato 'yan ƙarafan da ke buɗewa da rufewa a cikin distiributa, milimita 0.45, da filagej, wato siraran ƙarafan auna tazara, ba da kwalin sigari ba. Duk sanda bakin ya canza taimin ya canza: in ya buɗe da yawa wuta ta zo da wuri, in ya tsuke ta makara. Wanda ya saita taimin sannan ya taɓa kwantak, aikin baya ya yi.

Akwai gargaɗi ɗaya da nake maimaita wa duk mai wannan injin. Ƙasan sandar distiributa ita ce ke juya famfon baƙin mai. Ina yaron gareji na ga an zare distiributar wata FJ40 aka mayar, ta cije ba ta zauna har ƙasa ba, saura kamar kaurin yatsa. Haƙoranta sun kama kamshaf, don haka mota ta tashi sumul, amma harshen sandar bai shiga famfo ba. Ba wanda ya kalli allurar baƙin mai. Mai motar bai yi nisa da gari ba injin ya cije. Har yau ina tuna shirun da ogana ya yi da ya sauke kwanon ƙasa ya ga metal ya narke. Duk sanda aka zare distiributa, a tabbata ta zauna daram a kan bulo, kuma ido na kan allurar baƙin mai daga sakan ɗin da aka tayar.

To, mu koma ainihin cutar. Taimin da ya kauce da digiri biyu ko uku yakan kashe wa mota ƙarfi, ya sa ta shan mai ko zafi, amma da wuya ya sa ta fizga irin wadda ka bayyana. Mota mai lafiya a silo da take misin a sama, abu biyu ake fara zargi: ko mai ba ya isa, ko wuta tana gazawa lokacin da aka fi buƙatarta.

Fara da mai, domin gwajinsa kyauta ne, kuma atishawar da ka ce tana yi ta kafireta sau da yawa yunwar mai ce. Kafiretar Aisan da ke kan 2F tana da ɗan gilashi a jikin kwanon fulot, inda ya kamata mai ya tsaya a tsakiya. Nemi fili marar jama'a, ka taka ta har ta fara misin. Tana cikin yi sai ka taka kuloci ka kashe makulli ɗaki ɗaya kawai, kada ka kai inda sitiyari zai kulle. Tsaya, ɗaga bonet, leƙa gilashin. In ka ga kwanon ya kusa ƙafewa, ka bar distiributa ta huta, matsalarka tana tsakanin tanki da kafireta: filta ta toshe, ko famfon mai ya gaji, ko tsohon tiyo yana zuƙar iska, ko tsatsa tana rufe bakin bututu a cikin tanki. Buɗe murfin tanki ma ka saurara. In ya ja iska da ƙarfi, hancin murfin ya toshe. Ku da ke sayen mai a jarka wajen 'yan bumburutu, yashi da ruwa ba sa rabuwa da tankinku, shi ya sa nake son a tace mai da kyalle mai tsabta, a kuma riƙa yawo da filta biyu a akwatin kaya. Wannan kafiretar baki biyu gare ta, na biyun ba ya buɗewa sai an taka sosai. Jet ɗinsa na iya toshewa shekara guda direban kwalta bai sani ba, sai ranar da ya fuskanci tudu.

In kuwa mai yana tsakiyar gilashi, to wuta ce, kuma a nan nake so ka fahimci abin da ke faruwa, don kada a sake sayar maka da fulogi karo na uku. Injin mai silinda shida yana buƙatar tartsatsi uku a kowane juyi. A silo, wajen tartsatsi 1,950 ke nan a minti. A juyi 3,000, wanda kake kaiwa a ogzilari a kan tudu, tartsatsi 9,000 ne, wato 150 a kowane sakan. Kwayil kamar tulu ne da ake tarawa a ƙarƙashin famfo: yana cika ne muddin kwantak yana rufe, ya juye in ya buɗe. A silo yana da lokaci isasshe, ko famfon na ɗiga-ɗiga ne zai cika. A juyi 3,000 lokacin bai kai kashi biyar cikin dubu na sakan ba. Ga shi kuma lokacin da ka taka totur har ƙasa silinda ta fi cika da iska, tartsatsi ya fi shan wuyar tsallake bakin fulogi. Buƙata ta ƙaru, lokaci ya ragu. Duk wani ɗan rauni da silo ke rufa wa asiri, nan yake tonuwa.

Bi layin wutar daga farko. Kwantak mai faɗin baki yana rage wa kwayil lokacin cika. Kwantak mai raunin sifirin, irin na arha da ake zubawa a faranti, yana tsalle a sama maimakon ya rufe. In ka ga fuskarsa ta ƙone, gefe ɗaya rami gefe ɗaya tsiro, kondansa ce ta gaza, kuma sabuwa ba ta nufin mai kyau. Na sha cire sabuwar kondansa in mayar da tsohuwar Toyota mota ta warke. Kwayil ma a duba ko ya dace. Da yawa daga cikin waɗannan motoci suna da wani farin tangaran kusa da kwayil mai rage masa wuta. In aka sa kwayil ɗin da ba a yi shi don tangaran ba kuma aka bar tangaran ɗin, tartsatsi zai yi rauni. In aka cire tangaran aka bar kwayil ɗinsa, zai yi zafi ya cinye kwantak. Rewaya mai mita zai raba maka wannan gardama cikin minti biyar. Ya auna wayoyin fulogi ma: kowace kada ta wuce om 25,000. Da dare ka tayar da injin a duhu ka leƙa. In ka ga shuɗin haske yana rawa a jikin wayoyi, wutarka tana zubewa a hanya. Kifa murfin distiributa ka duba cikinsa da tocila, kana neman tsaga ko wani siririn baƙin layi kamar na fensir tsakanin ƙafafu. Wannan layin hanya ce da wuta ta haƙa wa kanta, tana kai tartsatsi silindar da bawul ɗinta ke buɗe, shi ma yana kawo atishawa. Jerin wayoyin 1-5-3-6-2-4 ne, bakin fulogi kuma milimita 0.8. Kada a buɗe shi fiye da haka da sunan ƙara wuta.

Sai abin da mutanen yashi suka fi fama da shi. Digiri 7 ɗin nan na silo ne kawai. Yayin da injin ke ƙara gudu dole wuta ta riƙa zuwa da wuri-wuri, domin mai yana ɗaukar lokacinsa kafin ya cinye, fistin kuwa ba ya jira. Masu wannan aikin wasu ƙarafa biyu ne da sifirin a ƙarƙashin farantin kwantak, waɗanda gudu ke watsawa waje. Ƙurar hunturu da busasshen giris sukan daskarar da su. Kama rota ka murɗa ta ta hannun agogo: ya kamata ta ɗan tafi, in ka saki ta dawo da kanta. In ta ƙi motsi, ko ta tafi ba ta dawo ba, an samu ɓarawon. Ina kyautata zaton irin wannan ne ke jefa bakanike cikin juye-juye: ya ƙara wuta don sama ta gyaru, ƙasa ta ɓaci. Sannan girgiza sandar gefe da gefe. In tana lilo, bushin ya cinye, bakin kwantak yana canzawa a kowane juyi, kuma a fitilar taimin za ka ga ƙwallon yana tsalle maimakon ya tsaya wuri ɗaya. Wannan ba ya saituwa, sai an sa bushin ko a nemo wata distiributar a Ƙofar Ruwa ko Panteka.

Wata FJ45 ta taɓa kwana huɗu a garejina da cuta irin taka sak. An riga an canza mata kwayil, fulogi, wayoyi, har kafireta. Rana ta huɗu na cire murfin distiributa, na sa tiyon iskar a baki na zuƙa don in ga ko farantin yana motsi. Yana motsi. Amma da na bar ƙwan gwaji a haɗe, sai na ga duk zuƙar da na yi ƙwan yana ƙyaftawa. Na kama 'yar wayar da ke cikin distiributa, wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, na ja ta a hankali, sai rigarta ta miƙe kamar roba. Zaren tagullan ciki duk sun tsinke, saura biyu ko uku da ke taɓa juna. A silo farantin yana zaune, suna haɗe. Da an taka, farantin ya juya, sai su rabu. Mai motar ya daɗe yana jujjuya wayar nan a tafin hannunsa yana lissafin abin da ya kashe.

In mai da wuta duk sun fita daga zargi, a auna bawul da zafi, na shiga milimita 0.20, na fita 0.35, a duba ko akwai karyayyen sifirin, a kuma tabbata salansa ba ta rufta ta ciki ba. Roƙona gare ka da bakanikenku: abu ɗaya a canza, a hau tudun nan a gwada, sannan a taɓa na gaba. Ka rubuto ka faɗa mana abin da ka gani a gilashin.

TAMBAYA

Ranka ya daɗe, tsohuwar Land Rover Series III gare ni mai silinda huɗu, ta fetur. An saita mini taimin a Jalingo tana tafiya kamar doki, amma da na hawo Gembu sai ta yi sanyi, fulogi yana baƙi, tana ɗan misin a giya ta uku in na matsa mata. An cuce ni ne?

Daga wani mai karatu, Gembu, Jihar Taraba

AMSA

Allah ya ja zamaninka, ba lallai an cuce ka ba. Tsaunin Mambila ya haura mita 1,500 daga teku, iskarsa ba ta kai ta Jalingo kauri ba. Injin marar tabo yana asarar kamar kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa, ka ga kafin ka iso gida kusan kashi goma sha biyar ya tafi. Kafireta kuma ba ta san an hau dutse ba, tana ba da mai kamar yadda ta saba alhali iska ta ragu. Shi ne baƙin da kake gani, kuma fulogi mai kunkunniya shi ke fara gazawa in an matsa. Wanke filtar iska tukuna, ka duba ko cok yana komawa gaba ɗaya, a rage mai kaɗan. A can sama injin yana ɗaukar ƙarin wuta digiri biyu ko uku ba tare da ƙarar tsakuwa ba. Amma ka yi wa jikin distiributa alama da fenti kafin ka motsa ta, domin ranar da ka gangara Serti da lodi cikin zafi sai ka mayar.

Galibi distiributar Lucas ce a irin motarka, rotarta tana juyawa saɓanin agogo, jerin wuta 1-3-4-2, bakin kwantak milimita 0.35 zuwa 0.40, bawul duka 0.25. Ka dubi rotar da kyau. Akwai wasu baƙaƙe na kasuwa da aka ɗaure tagullarsu da ƙusa a tsakiya. In sun yi zafi wuta takan huda ta ƙusar ta gangara sanda. Daga waje ba ka ganin komai. Ajiye rota ta biyu a aljihun mota, ka musanya a gefen hanya lokacin da take misin ɗin.

TAMBAYA

Malam, mun gaji da gyaran delko kowane wata a kan hanyar Agadas. An ce akwai na'urar lantarki da ake sawa a madadin kwantak. Ka ba mu shawara mu sa?

Daga wani direba, Damagaram, Nijar

AMSA

Sannu da hanya, Malam direba. Ga masu karatu na wannan ɓangaren, delko shi ne distiributa a bakin 'yan'uwanmu na Nijar, kamar yadda suke ce wa fulogi buji, kwayil kuma bobin. Na'urar tana da kyau, na sa wa motoci da dama. Maganaɗisu ne ke yin aikin kwantak, babu abin da ke gogar wani, don haka taimin ba ya zamewa, tartsatsi kuma ya fi tsayawa a sama. Sharaɗi biyu ne. A sa ta da bobin ɗin da masu ita suka ce, in ba haka ba za ta ƙone. Sannan ba ta gyara daskararrun ƙarafan cikin delko, ba ta mayar da cinyayyen bushin sabo. A wanke a gyara waɗannan kafin a ɗora ta, a sake saita taimin da fitila bayan an gama.

Abin da nake ji muku shi ne yadda take mutuwa. Kwantak yana ba da sanarwa, kuma ko a tsakiyar Tenere ana iya goge shi da 'yar takardar yashi a ƙarasa gari. Ita kuwa lokaci ɗaya take ɗaukewa, zafi kuma shi ne babban abokin gabarta. In kun sa, ku naɗe tsohon kwantak da kondansa da sukurorinsu da 'yar wayarsu a leda, ku haɗa da filagej, ku ɗaure a cikin akwatin kayan aiki. Kafin ku bar Damagaram, yaron mota ya cire na'urar ya mayar da kwantak sau ɗaya a gabanku, ya tayar da injin, sannan a sake ɗora ta.